Kifin da ake kamowa a ƙasan masana'antu: a ci ko a bari?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani su taimaka min. Ƙanwata tana zaune a wajena, cikinta wata shida, kuma tunda ta samu cikin nan ko warin nama ba ta so. Kifi kaɗai take iya ci, shi ma sai farfesu. Akwai wani bawan Allah da yake kawo mana ɗanyar tarwaɗa duk Juma'a, manya-manya, da sauƙin kuɗi. Jiya na aika yaro ya tambaye shi daga ina ake kamowa, ya ce daga wajen dam ɗin Wasai. Wallahi gabana ya faɗi. A Fagge na tashi, na san ruwan Jakara, na san launinsa da warinsa, kuma na san can yake gangarawa. Amma kifin da rai yake zuwa, yana ta wutsil-wutsil a bokiti, namansa fes, babu wari. Ko kifi zai iya zama lafiya ƙalau a ido alhali da guba a jikinsa? Tun jiya ban yi barcin kirki ba.

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ta lafiya. Ni dai abin da na sani, a wanke da toka da lemon tsami sosai, a dafa ya dahu luguf. Wuta ba ta barin komai.

Malama Hauwa: Amin. Ummu Sadiq, ki yi haƙuri zan ɗan gyara miki, domin a nan ne yawancinmu muke kuskure. Wuta tana kashe abin da yake da rai, wato ƙwayoyin cuta da tsutsa. Dalma da zaiba da kadmiyom ƙarafa ne, ba su da ran da za a kashe. Toka da lemon tsami suna cire yauƙi da ƙarni, iyakarsu ke nan.

Maman Hanif, amsar tambayarki ita ce e, zai iya. Kimiyya nake koyarwa a sakandare, bari in yi bayani yadda nake yi wa ɗalibaina. Kifi yana shan waɗannan ƙarafa kaɗan-kaɗan, ta ruwan da yake bi ta kunnuwansa da kuma abincin da yake ci. Ba su kashe shi nan take, taruwa suke yi. Dalma da kadmiyom sun fi zama a hanta da ƙoda da ƙashi da jan soson nan da ke ƙarƙashin kunne. Zaiba kuwa halinta daban ne, kuma ita ta fi tayar min da hankali game da mai juna biyu. Idan ta shiga ruwa ta kwanta a taɓo, akwai wasu ƙwayoyin halitta da suke juya ta zuwa wani nau'i da yake manne wa tsokar kifin kanta. Ba ta fita da wanki, ba ta fita da suya, ba ta fita da banda. Hasali ma kifin da aka busar ruwansa ne ya tafi, ƙarfen yana nan.

Wannan nau'in yana ratsa mahaifa ya kai ga ƙwaƙwalwar jariri tana cikin ginuwa.

Maman Hanif: Innalillahi. Malama, ke nan mun riga mun cutar da shi? Kusan wata uku tana ci.

Anti Nas: Kwantar da hankalinki ƙanwata. Ina aikin awon ciki shekara da shekaru, kuma ba zan ce miki an cutar da shi ba, don babu wanda ya auna kifin nan naku. Abin da ya dace shi ne a canza wurin saye daga yau, ba sai an jira tabbaci ba. Kuma kada a hana ta kifi. Yarinyar da ba ta cin nama, idan aka cire mata kifi da me za ta gina jikinta da na ɗan? Ƙarancin jini shi ne abin da nake gani da idona kullum yana wahalar da mata a ɗakin haihuwa. Sannan jikin da ba shi da isasshen sinadarin ƙarin jini da na ƙashi ya fi saurin zuƙar dalma. Ta ci gaba da shan maganin ƙarin jinin da aka ba ta, a haɗa mata da wake da ƙwai da zogale.

Baba Sarki na Yauri: Salamu alaikum. Ɗana ne ya karanta mini wannan magana, na ce ya rubuta mini amsa. Ni Basarke ne, a bakin ruwa aka haife ni, ubana da kakana da su suka ci da mu. Shekarata sittin da wani abu ina cin kifi safe da dare, ga ni nan ina tuƙa jirgi da hannuna. Ku 'yan boko ku riƙa auna magana kafin ku sake ta. Yau in aka ce kifi guba ne, gobe mata ba za su saya ba, kuma ba mai kamfani ne zai kwana da yunwa ba, mu ne. An taɓa yi mana haka da jita-jita, kwandunan banda suka yi ta ruɓewa a hannunmu.

Malama Hauwa: Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka gaskiya ce, kuma in na sa wani ya fahimci cewa kifi gaba ɗaya guba ne, to na yi kuskure. Ba haka nake nufi ba. Ruwa ne yake da bambanci. Ruwan da ka tashi a kai babban kogi ne mai gudu da faɗi. Wanda Maman Hanif take magana a kai ya ratso tsakiyar birnin Kano, ya kwashi dattin kwatoci da na mahauta da na garejoji, sannan rafin Getsi ya kawo masa ruwan masana'antun Bompai, duka suka je suka kwanta a dam guda. Abin da ya shiga dam ba ya wucewa, a ƙasa yake zama. Tarwaɗa kuwa ka fi ni sani, a taɓo take kiwo.

Kuma Baba, a duk inda irin wannan bala'i ya faru a duniya, masunta da iyalansu ne suka fara kwanciya, saboda su ne masu ci kullum. A Japan, garin Minamata, a 1956 aka gano cutar. Kamfanin Chisso ne yake zubar da ruwan zaiba a bakin teku. Kyanwoyin garin ne suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa, sai mutane suka fara jin hannu da ƙafa suna mutuwa, gani yana ƙanƙancewa, magana tana sarƙewa. Akwai matan da su kansu ba su nuna wata alama sosai ba amma suka haifi 'ya'ya da nakasar ƙwaƙwalwa. Wani zai ce ai wannan teku ne. To a 1965 aka sake ganin irinta a Nigata, can Japan ɗin dai, a kogin Agano, ruwan daɗi irin namu, kifin kogi. A Kanada ma wata masana'antar takarda a garin Dryden ta zubar da kusan tan 9 na zaiba a kogi tsakanin 1962 da 1970. Mutanen Grassy Narrows, 'yan asalin ƙasar, da kamun kifi suke rayuwa. A 1970 gwamnati ta rufe sana'ar, suka rasa abinci suka rasa aiki a lokaci guda, kuma har yau jikokinsu suna fama da larurar. Wannan shi ne abin da ba na so ya same ku.

Abu Anka: Ni ɗan Zamfara ne, daga ƙaramar hukumar Anka. Duk wanda bai ga 2010 ba, ba zai gane abin da ake kira gubar dalma ba. Agwagi ne suka fara mutuwa a ƙauyuka, ba wanda ya kula. Sai yara. Yaro yana wasa da safe, da yamma ya kama jijjiga, kafin a kai shi wani wuri ya cika. Mutane suka ce iska ce, wasu suka ce shawara ce ko zazzaɓin cizon sauro. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka ga sababbin kaburburan yara sun yi yawa a Dareta da 'Yargalma, aka auna jini, sannan aka gane. Sama da yara 400 suka tafi. Bagega sai a 2013 aka samu aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Bayan shekara biyu kuma gubar ta sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ina da 'yar ƙanwar mahaifiyata da ta rayu, amma har yau ba ta kai sa'anninta fahimta ba. Ba na iya yin shiru in na ji ana wannan zance.

Injiniya Bello: Allah ya jiƙansu, ya ba ku haƙuri. Amma don kada a cakuɗa magana: na Zamfara ba ta kifi ya zo ba. Dutsen zinariya ne mai dalma ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙura ta cika tsakar gida, yara suna rarrafe suna sa hannu a baki.

Abu Anka: Haka ne Injiniya, ban ce kifi ba ne. Abin da nake nufi, ba a ganinta. Ƙasar tsakar gidan nan ba ta canza launi ba. Sannan a ina ake wanke garin dutsen? A kududdufi da bakin rafi. Damina ta zo ta kwashe ta yi gaba da shi.

Malama Hauwa: Dukanku kuna da gaskiya. Kuma tunda an zo nan, in faɗi wani abu tsakani da Allah: a yawancin gidajenmu, in yaro ya samu dalma a jini, ba kifi ne zai zama hanya ta farko ba. Ƙura ce, da tsohon fenti, da wurin masu fasa batirin mota suna narkawa, da wani kwallin da ake sa wa jarirai wanda asalinsa dutsen dalma ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai zuƙa. Zaiba ce kifi ya zama babbar hanyarta zuwa jikin mutum. Masu haƙar zinariya da ita suke kama zinariyar daga garin dutse, su ƙona dunƙulen, wani kaso ya tashi sama wani ya bi ruwa.

Hajiya Kumasi: Ku zo Gana ku gani. Nan haƙar zinariya ta bayan fage muna ce mata galamsey. Kogin Offin da Pra da Ankobra, da ruwa ne garai-garai, yanzu in kin tsaya kan gada kin duba kamar an dama koko. Mahaifina daga Sakkwato ya zo, a Zango aka haife mu, mun tashi muna cin kifin waɗannan ruwaye. Yanzu ni dai in na je kasuwa sai na tambaya daga ina, in mai sayarwa ta yi jim sai in wuce. Tun ba a kai ku nan ba ku tashi tsaye.

Ɗan Majema: Ina so in sa baki kan fata, don gadonmu ce. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yi, da toka da kashin tantabara, wari ne kawai matsalarta. Ta kamfani kuwa da gishirin kuromiyom ake yi, shi ya sa fatar take fitowa shuɗi-shuɗi kafin a rina. Na yi aiki a wani kamfani shekara huɗu. Akwai wurin tace ruwa, amma tace ruwa yana cin wuta da magani, kuma na sha ganin an bar shi a kashe an saki ruwan ta kwata da dare. Ba zan faɗi suna ba. Duk mai wucewa ta Sharaɗa da Chalawa ya san launin da nake magana. Ruwan nan kogin Chalawa yake shiga, ya haɗu da kogin Kano ya gangara Wudil.

Injiniya Bello: Kuromiyom ɗin jima ba shi ne mafi muni a cikin nau'o'insa ba, akwai wanda ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba, kuma ba ya hauhawa daga ƙaramin kifi zuwa babba kamar zaiba. Amma ruwan masana'anta ba abu ɗaya yake ɗauke da shi ba, ga rini, ga na masu batir, ga na masu fenti. Abin da yake ba ni haushi shi ne, ɗaliban Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello sun yi shekaru suna ɗibar ruwa da taɓo da kifin Chalawa da Jakara da kogin Kaduna suna aunawa, su rubuta, a ba su digiri, takardar ta kwanta a kanta. Mai saye a kasuwa bai taɓa jin sakamakon ba, masunci ma haka. Alhali ma'auni yana nan a rubuce: dalma kada ta wuce miligiram 0.3 a kilo ɗaya na kifi, a Turai kuma zaiba 0.5 ga yawancin kifaye. Muna da NESREA mai kula da dokokin muhalli, muna da NAFDAC, muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa. An ƙulla yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2013, ta fara aiki a 2017, Najeriya tana ciki. Me zai hana a riƙa auna kifin kowane dam sau ɗaya a shekara a sanar a rediyo da Hausa?

Ummu Sadiq: To ni yanzu na rikice. A taƙaice wane kifi za mu saya?

Malama Hauwa: Wurin da aka kamo shi ne kan gaba, shi ya fi komai. Bayan haka ki duba me kifin yake ci da kuma shekarunsa. Gansakuka ta sha kaɗan, ƙwaro ya ci gansakuka da yawa, ƙaramin kifi ya ci ƙwari da yawa, babban kifi ya ci ƙananan kifi ɗaruruwa, kowane mataki abin yana ninkuwa. Saboda haka giwan ruwa da tsage da tufi, masu farautar 'yan uwansu, su ne a sama, musamman in sun tsufa sun yi girma. Karfasa ganye da gansakuka ta fi ci, tana ƙasa. Ga mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara, karfasa da matsakaitan kifaye sun fi wancan ƙaton da ake yanka gunduwa-gunduwa. A zubar da kayan ciki da soson kunne, kada a sa a miya. Kuma a riƙa canzawa, kada a dawwama kan kifin ruwa ɗaya wata da watanni.

Ummu Sadiq: Kan kifi fa? Yarana har faɗa suke yi a kansa.

Malama Hauwa: In daga ruwa mai kyau ne, a cire soson a wanke a ci. In ana shakkar ruwan, kai da ƙashi su ne za a fara bari.

Alhaji Mai Gona: Shi ya sa nake cewa mutane su koma kifin gona. Nawa da ruwan burtsatse nake kiwo, wata biyar zuwa shida na kwashe, bai daɗe ba balle ya tara komai.

Injiniya Bello: Alhaji, naka haka ne, Allah ya ƙara albarka. Amma akwai masu jan ruwan rafin da muke kuka da shi da injin ban ruwa su cika tafkinsu, akwai kuma masu ciyarwa da duk abin da suka samu. Kalmar "na gona" kaɗai ba ta isa ba, a tambayi ruwan.

Alhaji Mai Gona: Wannan gaskiya ne, na san masu yi. Duk mai saye a wurina ƙofa a buɗe take, ya zo ya ga inda ruwan yake fitowa.

Baba Sarki na Yauri: Na sa an sake karanta mini duka tun daga farko. Malama, na ji bayaninki, kuma ban ji kin ci mutuncin sana'armu ba. Zan faɗi abin da na gani, don ba na son in ɓoye gaskiya saboda ciniki. Mu ma nan ƙasar Yauri ana haƙar zinariya. Akwai wani rafi da muke zuwa kamun ƙananan kifi in ruwa ya fara janyewa. Bara na je na tarar da samari sun kafa injin niƙa a bakinsa, ruwan ya koma ja. Na ga wani yaro da bai wuce sha biyar ba yana murza wani abu mai ƙyalli kamar azurfa narkakkiya a cikin tasa, da tafin hannunsa, babu ko safa. Na tambaya ya ce da shi ake kama zinariya. Ashe ita ce zaibar da kuke faɗa. Rafin nan babban ruwa yake faɗawa. Jikokina bakwai a gidana, kifi ne abincinsu.

Kuma ku sani, dalmar da kuke magana, mu da ita muke yi wa birgi da taru nauyi. A tsakar gida ake narka ta a gwangwani.

Anti Nas: Baba, don girman Allah wannan na ƙarshen a daina shi a cikin gida tun yau. A yi shi can nesa da yara da mata masu ciki, a wanke hannu da sabulu, a canza riga kafin a shigo, kuma kada gwangwanin ya kusanci kayan girki. Wannan ya fi kifin kusa da jikokinka.

Baba Sarki na Yauri: Na ji 'yata. Za a yi. Zancen rafin kuma zan kai wa Sarkin Ruwa ranar kasuwa, mu ga ko za a kira hakimi a ciki.

Abu Anka: Baba, in kun je kada ku nemi a kori yaran kawai. An gwada hanawa a wajenmu, sai aikin ya koma ɓoye cikin gidaje, ya fi muni. Ku nemi a matsar da wanki da niƙa nesa da ruwa da gari.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da maigidan, ya fahimta. Mai kawo mana kifin ma mun gaya masa dalili, ba mu yi masa wulaƙanci ba, don shi ma iyalinsa shi suke ci, kuma ya ce bai taɓa jin wannan magana ba. Ya ce yana da abokin da yake ɗauko karfasa daga Tiga, zai riƙa karɓo mana. Anti Nas, ranar Talata za ta koma awo. In gaya musu zancen kifin ne, ko za su ga kamar mun cika tsoro?

Anti Nas: Ki gaya musu. Ki faɗi irin kifin, da inda ake kamowa, da sau nawa take ci a mako, da tsawon lokacin. Ki nemi a rubuta a katinta, kuma a duba yawan jininta a ranar. In kun dawo ki turo min abin da suka ce ta akwatin sirri.